Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Ranar da ya fara zuwa, Auta tana shanya a bayan gida. Ta ɗaura igiya daga madubin tsohuwar motar Babanta zuwa reshen bishiya. Babbar motar ɗaukar kaya ce irin ta da, mai dogon hanci, wadda Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta kafin ciwon ƙafa ya raba shi da sitiyari. Tun Auta tana firamare motar take tsugune a wurin. Tayoyi sun sace, kaji sun mai da kujerar direba wurin yin ƙwai, tsatsa ta ci bodin har ana hango ƙasa ta cikinsa.

Tana ɗago kai ta ga wani saurayi a bakin ƙofar baya, da farar riga tas, ya saki baki yana kallo. Ta gyara mayafi, ta ɗaure fuska.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Don Allah, har yanzu injinta na ciki?"

Ta waiga bayanta. Ashe motar yake kallo. Haushi ya kama ta, ta kuma rasa dalilin haushin, tunda dai ba ta san shi ba.

A asibiti saurayin yake aiki, ɗakin gwajin jini. Amma da ƙarshen mako ya zo sai ya bi ƙauyuka da bayan gidaje yana neman matattun manyan motoci, ya gyara su har su koma kamar ranar da suka fito, ba don ya sayar ba, sai don ya ji ƙararsu. Mai hankali zai ce ɓata lokaci ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai gara wannan da zaman bakin titi ana cin naman mutane.

Baba ya fito da sandarsa, ya ji abin da ke tafe da shi, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Da wannan farar rigar za ka tashe ta?"

"Ina da wata a jaka, Baba."

"To, ka ji. Ba na sayar da gawa, kuma ba za a ja ta a fitar min da ita kamar mushe ba. Ka gyara ta a nan. Ranar da ta tashi da ƙafarta, sai mu yi magana."

Haka ya zama ɗan gida ta ƙofar baya. Duk ƙarshen mako yana nan da akwatin sifanu, yana kwance noti yana jera su a kan buhu. Umma kan aiko Auta da ruwa. Daga kai ruwa aka koma "ɗan riƙe min fitilar nan", daga riƙon fitila aka koma hira. Ta raɗa masa suna Mai Tsatsa. Shi kuma ya ce mata Fitila.

Sai dai hirar ce ta ƙi fahimtuwa. Zai ɗago daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya kalle ta har ta sunkuyar da kai, zuciyarta ta soma bugawa, sannan ya ce, "Miƙo min ƙaramar sifanar can."

Saƙonsa na waya ma haka yake. Wata rana ya rubuto:

"Fitilata, na samo wa motar lagireto, mai sanyaya inji, a wani ƙauye, wani tsoho yana shanya kaya a kansa. Ya ɗan huje amma zai liƙu. Na yi murna ƙwarai. Kin wuni lafiya?"

Ta karanta, ta sake karantawa. Mota ta kwashe saƙon duka, ita an bar mata wutsiya. Ta mayar masa:

"Lafiya lau, Mai Tsatsa. Ka gaishe min da lagireto."

Ya amsa: "Zai ji. Amma ke ce kike sa aikin nan ya yi haske."

To, wannan so ne, ko godiyar riƙon fitila? Ta kai wa Umma ƙara a fakaice. Umma ta ce, "Namijin da bai buɗe baki ba, kada ki buɗe masa zuciya." Shawara ce mai kyau, amma ta zo a makare.

A bakin layinsu akwai mai shagon kayan gini wanda ya daɗe yana son Auta. Shi bakinsa a buɗe yake, har ya yi yawa. Duk ta zo wucewa sai ya ce, "Auta, yaya mijin motarku? Ki lura fa, ranar da ƙarfen nan ya tashi, ko bayansa ba za ki gani ba."

Takan wuce abinta, amma maganar takan bi ta har ɗaki.

Watanni suka shuɗe. Motar ta sami tayoyi, ta sami batir, an liƙe bodi, an fesa mata koren fenti irin nata na asali, an kori kaji. Abu ɗaya ya rage. In aka murza makulli sai ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Mai Tsatsa ya sosa ƙeya ya ce, "Sai wani makon, Baba." Wani makon ya zo, a sake tari, a sake mutuwa.

Wata safiya a tsakiyar mako Baba ya kasa haƙuri. Ya ce, "Auta, ɗauko fitila. Motar nan yunwa take ji, ba ciwo ba. Mai ne ba ya kai mata."

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi tiyon mai daga tanki da yatsa, ya kwance shi. Ya busa, iska ta ƙi wucewa. Ya zura waya, sai ga ɗan guntun roba ya faɗo, an yanka shi daidai bakin tiyon, yankan hannu mai tsabta.

Baba ya daɗe yana kallon robar. Ya ɗaure tiyon, ya yi ta matsa famfon hannu har mai ya hau, Auta ta tallafa masa ya shiga. Ya murza makulli. Motar ta yi gurnani, baƙin hayaƙi ya tashi, gilasan gidan suka ɗauki rawa. Auta ta ga hawaye a idon Babanta, amma fuskarsa kamar dutse.

Kafin rana ta take labari ya kai shagon kayan gini. Mai Shago ya zo da kansa yi wa Baba jaje.

"Ai a fili take, Baba. So yake ka gaji, ka ɗauka ba za ta taɓa tashi ba, ka sakar masa ita a banza. Irinsu ba su da aiki sai wannan."

Auta tana jin su daga ɗaki. Maganar ta zauna daidai, ba ta da inda za ta kama ta ta ƙaryata. Amma mutumin da ya zuba guminsa da aljihunsa a kan mota, shi ne zai yi ƙaramar cuta irin wannan? In kuma ba cuta ba ce, mece ce? Kanta ya ɗaure tamau.

Da ƙarshen mako ya zo, Mai Tsatsa ya shigo da akwatinsa yana fara'a. Baba ya kamo hannunsa ya ɗora masa robar a tafi.

"Wannan taka ce?"

Fara'ar ta ɗauke. "Tawa ce, Baba."

"Me ya sa?"

Ya dubi ƙasa. Ya dubi tagar da Auta take laɓe. Bakinsa ya motsa, magana ta ƙi fita.

Baba ya ce, "Ga makulli a jiki. Na ba ka ita kyauta, ladan wahalarka. Ka fitar min da ita, kuma kada in sake ganinka a ƙofar nan. Na buɗe maka gida, ka mai da ni abin wasa."

Mai Tsatsa ya ɗauki akwatinsa ya fita da ƙafa. Motar ya bar ta inda take. Mai Shago ya ce kunya ce kawai, direba zai aiko.

Da yamma Auta ta kasa daurewa, ta rubuta masa:

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni gaskiya. Me ya sa ka toshe tiyon?"

Amsa ta ɗan jima kafin ta zo:

"Fitilata, tun tuni ta isa tashi. Na ji tsoro ne. In ta tashi aiki ya ƙare, kuma ban san da wane dalili zan ƙara zuwa gidanku ba."

Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, a bayansa kuma wani zafi. Wanda ya iya yi wa tsoho ƙarya da roba, zai kasa yi wa yarinya da saƙo? Ta rubuta:

"Gidanmu yana da ƙofar gaba. Kai ne ka zaɓi ta baya."

Daga nan shiru. Ba saƙo, ba kira, ba direba. Ta yi ta zargin kanta da tsanani, ta dawo ta zarge shi da ragwantaka. Duk ta ji ƙarar babbar mota a titi sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka an zo ɗauka. Mai Shago kuwa ya aiko cewa manyansa suna nan tafe neman aurenta. Baba ya tambaye ta ra'ayinta, ta ce, "Baba, ni kaina ban san inda nake ba."

Gaskiyar magana, duk wannan wahala rashin faɗin kalma ɗaya ne ya jawo ta. Saurayin da zai iya kwance injin gaba ɗaya ya mayar, amma ya kasa cewa yana so, shi ma yana buƙatar gyara.

Wata safiya aka yi sallama a ƙofar gaba. Mai Tsatsa ne, cikin kaya masu tsabta, tare da kawunsa, dattijo mai sanyin magana. Bayan gaisuwa kawun ya faɗi abin da ya kawo su.

Baba ya ce, "Wanda ya yaudare ni a kan ƙarfe, shi zan ba wa mutum?"

Mai Tsatsa ya ce, "Na yi laifi, Baba, kuma ba ni da hujja. Tsoro ne ya sa ni ƙarya. Ka yafe min. Motar ma na dawo maka da kyautarka."

"Ni ba na mayar da kyauta. A kira min Auta, ita abin ya shafa."

Ta shigo ta zauna kusa da Umma. Baba ya ce ta faɗi abin da ke ranta. Ta ɗago kai.

"Baba, tun ranar da ya zo ban san wa yake zuwa gani ba, ni ko ita. Na gaji da rashin sani. Tunda motar tasa ce yanzu, a kira masu yanka ƙarfe su zo su daddatsa ta. In ya yarda, na yarda."

Ta kafa masa ido. Ta ga jini ya bar fuskarsa, ta ga yatsunsa sun damƙe gwiwarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Ya ce, "A kira su. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada a yanka a gabana."

Baba ya buga sanda a ƙasa. "Motar wa za a yanka? Ke Auta, ashe babu marar imani a gidan nan kamarki. Motar da na ciyar da ku da ita? Ko madubinta aka taɓa sai an ji ni."

Umma ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. "To, Malam, yaro ya saki, kai ne ka kasa."

Kawun ma ya yi murmushi. Auta ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye. Abin da ta yi watanni tana nema a cikin saƙonni, ta gan shi ƙarara a fuskar mutumin da ya ba da abin da yake so yana jin zafinsa.

Baba ya gyara murya, ya nuna Mai Tsatsa da sanda. "Na ba ka Auta. Amma ka ji ni da kyau. Aure ba ya ɗaukar ƙarya, ko ƙarama, ko ta tsoro. Abin da ke ranka ka faɗa mata da baki, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ita kuma motar tana nan inda take, ka riƙa zuwa kana duba min ita."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. 'Yan'uwa da maƙwabta suka cika gida. Mai Shago ya zo ya yi murna, ya kuma ce shi dama tun farko ya san yaron kirki ne.

Da za su tafi, Baba ya dafa kan Auta, ya dafa kafaɗar angon. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya mai jin magana, ya raba ku da ɓoye-ɓoye." Umma ta ce amin tana share ido.

A sabon ɗakinsu, bayan mutane sun watse, ya zauna kusa da ita yana murza yatsu.

Ta ce, "Mai Tsatsa, akwai maganar da har yau ban ji daga bakinka ba. Kawu ne ya faɗe ta a madadinka."

Ya ja numfashi, ya kalle ta ido cikin ido. "Ina son ki, Fitilata. Na daɗe ina son ki, bakina ne ya yi nauyi."

Ta yi murmushi ta kama hannunsa. "Na ji. Ni ma haka. Gobe ma ka faɗa."