Sandar Hajara a Taga

A garin Dangora, tun lokacin da rufin makarantar elementare na ciyawa ne, an yi wata yarinya 'yar aji biyu. Ba ta da rashin ji, amma fa akwai ta da tafiya duniyar tunani. Jikinta yana aji, hankalinta yana can wajen gajimare.

Benci ɗaya suke zama da Hajara, wadda ƙafarta ɗaya ta shanye tun tana goye. Da sanda take tafiya.

Malam Lawal ya sha gaya wa yarinyar, "In kin ji ana ta kaɗa ƙararrawa ba tsayawa, Hajara amanarki ce. Tare za ku fita."

"To, Malam," takan ce, amma idonta yana waje.

Ran nan da bazara, shamuwa suka iso gari, suka sauka kan rimin bayan makaranta. Malam ya ba da lissafi, ya leƙa aji ɗaya. Yarinyar nan duk ta ƙagu ta ga shamuwar. Ga shi tagar bayan aji murfin katako gare ta, sai an tokare take tsayawa, iccen da ake tokare ta da shi kuwa ya ɓata.

"Hajara, ara mini sandarki, yanzun nan zan dawo da ita."

"Kada dai ki manta."

Ta je ta tokare tagar, ta zuba tagumi. Shamuwa suna shawagi a hankali, kamar ba sa son sauka. Sai ta ga kanta a tsakiyarsu. Ta wuce gonaki, ta wuce garken shanu, har tana hango duwatsun Riruwai shuɗi-shuɗi. Daɗi ya cika ta. Ta ma ga hayaƙi yana tasowa, ta ɗauka gajimare ne.

Ashe wani manomi ne yake ƙona sharar gona, iska ta kwaso wutar ta ɗora kan rufin aji.

Ƙararrawa ta ɗauka ba tsayawa. Yara suka yi waje a guje. Ita ma ta zabura ta bi su, ko waiwaye ba ta yi ba.

A gindin tsamiya Malam ya shiga kiran suna.

"Hamidu."

"Na'am."

"Hajara."

Shiru.

Yarinyar ta ɗaga kai, sai ga sandar can a taga, hayaƙi yana fita ta gefenta. Tsoron duka ya kama ta, amma tsoron rasa Hajara ya fi.

"Malam, tana ciki. Ni na ɗauke mata sanda."

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Malam.

Ya rufe hanci da hula, ya kutsa. Jim kaɗan ya fito goye da Hajara, tana tari. Mutanen gari suka taru da ruwa da ƙasa suka kashe wutar. Rabin rufin ne ya ƙone.

Hajara ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Na yi ta kiranki, ba ki ji ba."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Yarinyar ta yi ta kuka har gida.

Innarta ta saurare ta, ta ce, "Kallon tsuntsu ba laifi ba ne. Amma sandar nan ita ce ƙafar Hajara, ba a ara. Gobe ki ba ta haƙuri."

Washegari ta zo da reshen tsamiya da babanta ya sassaƙe, na tokare taga.

"Ki yafe mini, Hajara."

"Na yafe. To, yaya shamuwar suke? Ni ban gan su ba."

Yarinyar ta miƙa mata sandarta da aka ciro daga taga, suka taka a hankali har gindin rimi, suka zauna suna kallo tare.

Yara, in haɗari ya taso, kada ku gudu ku bar wanda ba ya iya gudu. Kuma kada ku raba mutum da abin da yake dogara da shi, ko da na minti ɗaya ne.