Taga Ta Huɗu

Rana na shirin faɗawa tekun Mokpo lokacin da Mal-sun ta dawo daga kasuwa da kifin sadakar ɗanta. Shekara uku ke nan da jirgin kamun kifi ya nutse da Gi-tae, autanta. Ko takalminsa ba a samu ba.

Ta jera shinkafa da miya da kifi a kan ɗan teburi, ta kunna turaren wuta, ta jingine kwamfuta a gefen hotonsa. Sauran 'ya'yanta uku sun yi nisa da gida, ta bidiyo suke halartar sadakar. Tagoginsu suka fito a allo, duk baƙi wuluk, sai sunaye.

"Ku kunna min fuskokinku mana," ta ce. "Da bango zan yi ta magana?"

"Umma, ina ofis fa," in ji Tae-sik, babbansu.

"Ƙarya yake, Umma, taliya yake zuƙa, ina jin sa," in ji ƙanwarsa Yeon-ju. Aka ɗan yi dariya. Babu wanda ya kunna.

Mal-sun ta soka cokali a tsakiyar shinkafa. Nan ne ake fita a ja ƙofa, a bar mamaci ya ci abincinsa ba ido a kansa. Tun kakanni ba a leƙawa.

Ta miƙe za ta fita, sai ta ji ɗigar ruwa.

Ɗis. Ɗis.

Ta waiga. Tagogin sun zama huɗu. Ta huɗun ba ta da suna.

Turaren ya mutu. Ƙarnin teku ya cika ɗakin.

"Umma."

A hankali, kamar daga ƙasan rijiya. Ta durƙusa.

"Gi-tae?"

"Su ba sa son ki gan su. Ni ina so. Matso."

Ta san ƙofa ya kamata ta nufa. Amma shekara uku ba ta da ko gawar da za ta shafa wa goshi. Ta ja jiki.

Cikin baƙin, wani abu ya fara washewa. Gashi na lilo cikin ruwa. Gefen kunne.

"Ƙara matsowa. Sanyi nake ji."

Ta ɗora tafinta a allon. Tafin ya shige ciki har wuyan hannu.

Yatsu suka kama ta.

Sanyi ya hau kafaɗarta. Gishiri a bakinta. Numfashi ya ƙi.

Ba ta ja da baya ba. Saura kaɗan ta ga idanunsa.

Can a ofishinsa, Tae-sik ya ga lokacin cin abincin mamaci ya cika. Ya yi gyaran murya sau uku, yadda babban ɗa ke yi a bakin ƙofa don mamaci ya san lokacin tafiyarsa ya yi.

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Ta faɗi kan teburin tana amayar da ruwan gishiri.

"Umma? Umma! Yaya, me ke faruwa?" in ji Yeon-ju.

Fuskoki uku suka bayyana lokaci guda, a firgice. Ta dube su daga ƙasa. Ashe Tae-sik ya yi furfura. Ashe Yeon-ju ciki gare ta, har ya tsufa.

"Kun hana ni," ta ce, hawaye na zuba. "Saura kaɗan."

Hannun nan bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara. 'Ya'yan yanzu kowace Lahadi suna kira, su ci abincin yamma tare da ita, kowa da kwanonsa a gaban allo, jikarta na dangwala wa kyamara miya. Mal-sun takan yi dariya, ta gode wa Allah.

Ranar sadaka kuwa, da ta soka cokali sai ta fita ta ja ƙofa, ta jingina bayanta da ita. Daga ciki yakan kira ta, a hankali, sau biyu ko uku. Takan toshe bakinta da hannun mai sanyi har ya gaji ya yi shiru.