Ruwan da Aka Bar wa Inna

A can wani ƙauye mai nisa da rijiya, an yi wata yarinya da mahaifiyarta ta kwanta da zazzaɓi. Kwanuka suka taru, ƙudaje suka cika gida, ruwa kuwa saura kaɗan a gindin randa.

Yarinya ta ɗebi na wanke-wanke, ta rage cikin moɗa guda. Ta ce, "Wannan na Inna ne."

Ta fara da kofuna, tunda ba su da maiƙo. Da ruwan nan ta wanke kwanukan tuwo. Na miya kuwa sai da ta goge su da toka. Ruwan ɗauraya ta juye a tukunya.

Ƙanzo ya ƙi fita. Ta kankara har yatsunta suka yi zafi, ga ƙishirwa. Ta leƙa randa, ta ce, "Wannan na Inna ne." Ta zauna ta jira, har ƙanzo ya jiƙa ya saki da kansa.

Can mahaifiyar ta farka, ta ce, "'Yar nan, da sauran ruwa kuwa?"

Yarinya ta kawo mata a kofi mai ƙyalli. Ta sha rabi, ta dubi busassun leɓɓan 'yarta, ta miƙa mata kofin.

Ta ce, "Shanye. Wannan naki ne."