Fuskar Baba a Cikin Ganyen Mangwaro

Magariba ta kawo jiki, Mama na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin Auta. Wani ya biyo shi. Mama ta leƙa ta katanga, ba kowa a lungu.

Ranta ya ba ta ɗan mai shagon maƙwabta ne, wanda kullum wuyansa ke miƙewa idan Auta ta wuce. Ta tsare yarinyar da tambaya. Auta ta yi dariya, ta ce ai wannan ko sallama bai iya haɗawa ba, balle jifa.

Tun da Auta ta samu kwamfuta take koyon ɗora hoto kan hoto, tana rage ƙarfin na sama har na ƙasa ya bayyana ta cikinsa. Hoton marigayi babanta guda ɗaya ne a gidan. Ta ɗauke shi da waya kafin gara ta ƙarasa cinye shi. Sai ta ɗauki hoton mangwaron da ya dasa a bayan gida, da almuru, don ta ce hasken ya fi taushi, ta narkar da fuskarsa cikin ganyen. Garin ajiyewa ta danne na asalin, ya ɓace, sai haɗaɗɗen ya rage. Mama ba ta yi faɗa ba. Takan zauna gaban hoton ta daɗe, tana kallon wushiryarsa tsakanin rassa.

Jifan bai tsaya ba. Auta ta rage ci, ta rage magana, ta koma tsayuwa ƙarƙashin bishiyar kamar an dasa ta. Ran da Mama ta kira ta, ta juyo ta ce wacece Auta, ranar Mama ta aika a kira malam.

Malam ya zauna bakin ƙofa yana karatu a hankali. Can yarinyar ta sandare, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Ni ban shigo gidan kowa ba. Ina zaune kan reshena aka kwashe ni, aka cusa ni cikin fuskar mamaci. Na rasa ƙofa, sai na bi hannun da ya rufe ni."

Malam ya ce ta fita. Ta ce a raba ta da fuskar tukuna. Da aka ce hoton ba ya rabuwa, sai ta ce to a goge duka, ko kuwa a bar mata yarinyar, su riƙe hotonsu.

Mama ba ta yarda da ita ba. Wa ya san ko ƙarya take yi, a rasa hoto a rasa 'ya? Malam ya sa ta rantse, ta rantse, har da cewa ba da yaran zamani take son zama ba.

Ya nuna wa Mama inda za ta danna ta goge hoton. Ta dubi mijinta, ta daɗe. Sannan ta danna.

Auta ta yi atishawa. A bayan gida reshe guda ya girgiza, alhali babu iska.

"Mama, ina hoton Baba?"

"Yi mini murmushi tukuna," in ji Mama.

Auta ta yi, cikin rashin fahimta. Wushiryar babanta na nan a bakinta.