Ƙyallen Makatu a Cinyar Sarki

A zamanin Sarki Matarugani na Ufudaki, shekarar da aka binne mahaifinsa, bayan an gama yankan gero iskar kudu ta fara kaɗawa, ƙanensa Umijira ya zo da jirage ya kewaye dutsen da garin yake kai. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kujera ce ta raba su. Tsakaninsu akwai 'yar'uwarsu Makatu, mai riƙe da addu'ar gari a kurmin kakanni.

A wajenmu mutanen tsibiri, namiji da ƙarfin 'yar'uwarsa yake yawo. In zai tafi yaƙi ko teku, ita ke saƙa masa ƙyalle da zaren ayaba. In ya ji rauni da shi ake ɗaurewa, kuma ba hannun da zai kwance sai nata. Makatu ƙyalle ɗaya ta saƙa, ta ba babban, kowa kuma ya gane abin da take nufi. A karon farko da aka yi a ƙofar arewa mashi ya sami sarki a cinya, ta zo da kanta ta ɗaure masa a gaban mayaƙa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin da ya shigo ganuwa ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Mai kula da raunuka a fadar wani dattijo ne, Kamadu. Yana jariri aka tsince shi a cikin kwale-kwalen da teku ta watso, bai san uwa ba balle 'yar'uwa. Saboda hannunsa kullum cikin jini yake, ba a cin abinci da shi, ba ya kuma shiga kurmi. Bukkarsa tana bayan rumbuna, inda ba mai bi sai awaki.

Tun yana saurayi ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni. Maza irinsa, waɗanda ba wadda ta saƙa musu komai, da tsumma ake ɗaure musu rauni. Tsumma kuwa ba shi da alfarma. Yakan kwance shi kullum, ya tafasa a ruwan teku, ya wanke mikin, ya shanya tsumman a rana ya mayar. Su ne ke tashi. 'Yan gata masu ƙyalle kuwa, raunin yakan ruɓe a ƙarƙashin saƙar, su tafi da wari. Amma Kamadu ba mai saurin yarda da kansa ba ne. Yakan ce wataƙila marasa gata jikinsu ne ya saba da wuya, ba wankin ba ne. Shekaru yana jiran mutum ɗaya mai rauni biyu.

A wannan kewayen ya same shi. Machu, sarkin yaƙi, aka kawo shi rumbun da aka kwantar da majinyata, kibiya ta huda masa damtsen dama, wata ta huda na hagu. Ƙanwarsa Nabi ta riga ta ɗaure na dama da ƙyallenta.

Machu ya ce, "To tsoho, na hagun maraya ne kamarka. Ka yi yadda ka ga dama da shi."

Kamadu ya ce, "Zai yi zafi, Yallaɓai."

"Wanda ya harbe ni ma bai tambaye ni ba. Zuba ruwan miyarka mu gani."

Ya zuba. Machu ya zagi Kamadu, ya zagi tekun da ta kawo shi, har majinyatan da ke nishi suka yi dariya. Haka aka yi ta yi kowace safiya. Kafin wata ya raba, na hagun ya kame ya yi jan nama mai kyau, na daman ya kumbura ya yi baƙi, mugunya tana tsattsafowa ta cikin saƙar.

Nabi ce ta warware matsalar, ba Kamadu ba. Ta tsaya ta dubi hannayen biyu ta ce, "Yaya, an ce kada wani hannu ya kwance, ba a ce kada nawa ya kwance ba. Kai tsoho, ina tukunyar?" Ta kwance, ta tafasa, ta mayar da hannunta. Kafin kwana biyu duk matan ganuwa sun bi sahunta, rumbu ya cika da tururi da surutun mata suna yi wa 'yan'uwansu tsiya. Kamadu yana gefe yana hura wuta, ba wadda ta ce masa sannu.

Saura mutum ɗaya a Ufudaki da wannan dabara ba ta yi wa rana ba, shi ne sarki, domin wadda ta ɗaure masa ta rasu.

Da hantsi Machu ya ja Kamadu zuwa fada, ya tuɓe riga ya nuna hannayensa. Sarki yana zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe, an turara ɗakin da itacen ƙamshi amma warin ya fi ƙarfin hayaƙin. Ya daɗe yana duban damatsan nan biyu.

Ya ce, "Ba sai ka yi rantsuwa ba, Kamadu, idona ya gani. Cinyata fa?"

"Ranka ya daɗe, in an kwance yau, ina sa rai. In an kai ƙarshen wata, ban sani ba."

Babban wakilin fada, tsoho Ufushu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ke kan ganuwa ba gero ke riƙe da su ba, geron ya kusa ƙarewa. Ɗaurin Makatu suke kallo. Ranar da aka ce wani hannu ya taɓa shi, rabinsu za su sauka wajen ƙanenka."

Machu ya ce, "Haba baba! Sai mu zauna muna gadin ƙyalle mai shi yana ruɓewa?"

Sarki ya ɗaga hannu ya sallame su, ya ce Kamadu ya tsaya. Tun da yake, ba a taɓa barin dattijon shi kaɗai da wani babba ba, sai ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai hanya. In kwance a ɓoye, in wanke, in mayar da ƙullin yadda yake. Ba mai sani. Ni dai ba ni da wanda zan gaya wa."

Sarki ya yi murmushi. "Kana tsammani don Ufushu ne da mutanen ganuwa? Su za a iya rufe musu ido." Ya ɗora yatsa a kan ƙullin. "Tun muna yara haka take ƙulli, a karkace, mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji. Ubana ya tafi, ƙanena yana ƙasa yana jiran kaina. Duk wanda ya shigo ɗakin nan sarki yake gaisarwa. Wannan kaɗai ya rage na wadda ta san ni kafin sarauta. In ka kwance, wa zai sake ƙulla shi haka?"

Kamadu ya dubi ƙullin. Can ya ce, "Wannan ban san maganinsa ba, ranka ya daɗe. Ni ba a taɓa ɗaura mini ba."

"To zauna. Ba sai ka yi komai ba."

Ya zauna. Masu ba da tarihi sun ce tun daga ranar kullum yana zuwa, ya wanke gefen raunin inda saƙar ba ta kai ba, sa'an nan su yi hira a kan kifi da iska. Zazzaɓi ya hau, ƙafar ta yi nauyi kamar gungumen icce. Sau biyu sarki yana suma, ba kowa a ɗakin sai Kamadu da tukunyarsa, ƙullin yana gabansa. Bai taɓa ba. Wasu na cewa tsoro ne. Ni ban yarda ba, mutumin da ya zuba wa Machu ruwan gishiri ba matsoraci ba ne.

Ganuwa ba ta faɗi ba. Guguwa ta zo ta farfasa jiragen Umijira, mutanensa suka watse. Sarki ya ji labarin nasara a kwance, ya rasu kafin teku ta lafa, aka binne shi da ƙullin a cinyarsa. Da yake bai bar ɗa ba, manyan gari suka aika aka nemo Umijira a cikin duwatsun gaɓa, suka ɗora shi a kan kujerar da aka yi ta mutuwa don hana shi. Bisa al'ada, mai maganin da sarki ya mutu a hannunsa ba ya zama a gari, sai aka kai Kamadu wani ɗan tsibiri na masu dafa gishiri. Machu ne kaɗai ya raka shi bakin ruwa.

Na daɗe ina juya wannan labari, har yau yana ba ni baƙin ciki. Mulki ya ba Matarugani ikon kashewa da rayawa a kan dubban mutane, ya kuma janye masa kowa har ya zama ba shi da abokin zama sai tsohon da gari ke ƙyama. Mafi ƙanƙantar mayaƙinsa ya warke domin yana da wadda za ta zage shi ta wanke masa rauni. Shi kuwa, da magani a tafashe a gefen tabarmarsa, ya duba abin da zai rage masa in ya rayu, ya ga bai kai ƙulli ɗaya ba.