Littafin Juma'ar Tiyamike

Ranar da Wongani ya fara ganin Tiyamike, tana tsaye ne a ɗakin taron cibiyar binciken noma da ke garin Zomba, tana yi wa kujeru jawabi. Babu kowa a kansu. Shi kuwa wayar majigi ya shigo ɗauka.

Da ta gan shi sai maganar ta maƙale.

"Ci gaba mana, 'yar'uwa," ya ce. "Ki ɗauka ni ma kujera ne."

"Kujera ba ta kallon mutum haka."

Ya yi murmushi, ya zauna a layin baya.

Saura mako shida a yi babban taro a Lilongwe, babban birnin ƙasar, inda aka ba ta minti goma sha biyar ta bayyana aikin shekara uku a kan gubar da ke shiga gyaɗa idan ta yi funfuna a rumbu. Ciwon hanta ne ya kashe mahaifiyarta, manomiyar gyaɗa, shi ya sa ta riƙe aikin nan kamar ranta. Sai dai da zarar ta ga idon jama'a sai muryarta ta kama rawa. Shugaban sashe ya riga ya ce in ba za ta iya ba, Dokta Chisale zai gabatar a madadinta. Chisalen nan kuwa ya daɗe yana nemanta, har mahaifinta ya yi na'am da shi.

Tun daga ranar, kullum bayan cin rana Wongani yakan zo ya riƙe mata agogo.

"Minti ashirin da biyu, Malamata. Za su kashe miki makirfo."

"To me zan cire? Komai na da muhimmanci."

"Cire jadawalin nan na bakwai. Ni da nake son ki ma na yi hamma."

Ta sunkuyar da kai. A haka maganar so ta fara fita daga bakinsa.

Da ta kai zancen gida, mahaifinta ya amsa mata a hankali. Tsohon malamin makaranta ne, ba mai faɗa ba.

"Ɗan Rumphi, can arewacin ƙasar nan? Mutanen arewa shanu suke bayarwa su tafi da mace, 'ya'yanki su zama nasu. Mu kuwa miji ke zuwa gidan mata. Uwarki tana kwance a bayan gonar nan, Tiya. In kika tafi, ni da wa?"



Tiyamike tana da wata al'ada. Kowace Juma'a da ƙarfe huɗu takan buɗe littafinta ta yi wa makonta hisabi: abin da ta yi, abin da ya gagare ta, da abin da za ta rage. Wata Juma'a Wongani ya kawo mata dafaffiyar masara, ya tarar ta fita, littafin a buɗe. Ƙarƙashin abin da za ta rage, sunansa ya gani shi kaɗai.

Ya ajiye masarar ya fita. Kwana biyar bai leƙo ba, sai saƙo:

"Na ga littafinki, ki yafe mini. Ba zan zama abin da ke cinye miki lokaci ba. Allah ya ba da sa'a a Lilongwe."

Ta karanta sau uku, hawaye na zuba, sannan ta rubuta:

"Gaskiya ne na rubuta, saboda Baba. Amma da ka duba shafukan baya kaɗan. Mako uku ke nan ina sa sunanka a wurin, kowace Juma'a kuma yana komawa layin abin da ya gagare ni. Ka dawo, Wonga. Na kai minti goma sha tara."

Ya dawo. Ranar Asabar kuma, ba tare da ta sani ba, ya ɗauki kawunsa suka je wurin mahaifinta. Ya durƙusa ya ce, "Baba, aikina a Zomba yake, a nan zan gina gida. Ba raba ku na zo yi ba." Tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tambaya ɗaya ya yi: ƙarfe nawa motar Lilongwe take tashi?

Ranar taro, da hoton rumbun mahaifiyarta ya fito a allo, Tiyamike ta yi shiru. Chisale ya fara gyara zama kamar zai miƙe. Sai ta hango farar sumar mahaifinta a gefen Wongani, ya rungume hularsa a ƙirji.

"Wannan rumbun mahaifiyata ne," ta ce. Muryar ta yi rawa, amma ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshe.

Bayan girbi aka yi bikin. Kawunnan ɓangarorin biyu suka yi musayar zakara da kaza bisa al'adar aure, mata suna guɗa. Da aka fito daga coci, tsohon ya kama hannun Wongani da hannayensa biyu.

"Ban ba ka ita ba, ɗana. Kai na karɓa. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su san Rumphi, su san nan."

Jama'a suka amsa da amin.