Jakar da Aka Ɗinka Sau Uku

Ranar Lahadi, kasuwar Filinge ta cika, Najiba ta iso rumfar dukawa kafaɗarta ta dama na zugi. Shekara uku ke nan tana rataye da tsohuwar jakarta ta lekol, wato ta makaranta, kamara a ciki da idanun kamarar biyu na sauyawa, dogo da gajere, tana bin biki da suna a bayan moto, wato babur, daga nan har Bankuku. Likita bai ɓoye mata ba: ko ta sauke nauyin daga kafaɗa, ko ta ajiye sana'ar.

Ta riga ta zagaye masu kayan kanti tana neman jakar ɗaurawa a ƙugu. Wata jakar ƙugun ba ta ɗaukar dogon ido, wata ɗamararta siririya ce mai yanka, duk kuma da zif, wanda rairayin ƙasar Kurfai ba ya barinsa ya yi wata biyu.

Saurayin da ke rumfar, Kailu, ya ɗago kai daga ɗinki. Ta zazzage masa kayan a kan tabarma ba ko gaisuwar kirki. Ya goge hannunsa da kyau kafin ya taɓa kamarar.

"Duk waɗanga kika ɗauka kullum?" ya tambaya. "In amarya ta hito, mi da mi hannunki ka nema?"

"Kamara, dogon ido, batir guda."

"To su za su zauna ga ƙugu. Saura su kwana gida."

"Kai za ka koya min aikina?"

"A'a, malama. Kahwaɗarki na gani. Guda ta hi guda bisa."

Ta taɓa kafaɗar. Ko a gida ba wanda ya lura da wannan.

Ya auna kamarar da zare, ya auna idon, yana ƙulli. Sannan ya yanko wani zaren ya miƙa mata ta bakinsa guda, idonsa a ƙasa. "Ki kai ma Innarki ta auna ƙugunki, bisa tuhwahin da kika aiki da su." Najiba ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Daga tambayar ɗinki saƙonnin waya suka zama na safe da yamma.

"Hajiyar hoto, yaya kahwaɗa? Na sa soso tsakanin kamara da ido don kada su yi hwaɗa kan hanya."

"Mai basilla, kahwaɗa na nan yadda ka bar ta. In jakar ba ta yi ba, hotonka zan ɗauka in liƙa bakin kasuwa."

Jakar ta fito ja jawur, rinin karan dafi, da marfi da maɓallin fata maimakon zif. Ta ɗaura ta zuwa wani biki a Bankuku, kan farar shadda. Karon farko hannayenta biyu suka sami ƴanci. Amma rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa fatar, rinin ya zuba. Kafin la'asar jan layi ya zagaye ƙugunta, mata na nuni da baki. A cikin masu kallo har da Abdulgafar, ma'aikacin wani ofis a Yamai, wanda ya daɗe yana aike gidansu neman aurenta.

A hanyar dawowa ta rubuta wa Kailu: "Ka kunyata ni gaban mutane. Kada ka sake kirana."

Amsa ta zo: "Laihina ne. Kyau na duba, ban duba zuhwa ba. Ki yi haƙuri."

Ta kife wayar.

Sati bai cika ba Abdulgafar ya aiko da babbar baƙar jaka daga Yamai, aljihunta goma sha biyu. Da ya zo hira ya ce bayan aure ma ba za ta buƙace ta ba, hoton ƴaƴansu ya ishe ta. A wannan satin kuma magana ta zagaye unguwa, wai baduku da hannunsa ya auna ƙugun ɗiyar Malam Magagi.

Malam Magagi, mahaifinta, tsohon malamin lekol ne, ba ya ɗaga murya. Ya kira ta zaure ya tambaye ta.

Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ni na auna ta, Malam. Da hannuna na ƙulla zaren."

"Na ji," ya ce. "Amma ban kai ki makarantar lise ba don ki ƙare rumhwar dukawa."

"Baba, shi wanda kake so ɗin cewa ya yi in aje kamara. Kai ka sa ni karatu, kai ka ce in tsaya da ƙahwata."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ba ta amince da Abdulgafar ba, ba ta kuma nemi Kailu ba. Damina ta shigo, ta ci gaba da aiki da baƙar jakar, don ita ce a hannu. Jaka mai wuri tana kiran kaya, nauyi ya ƙaru. Da safe Inna ke taya ta ɗaura ɗankwali, don hannun ba ya kai wa kai. Ta daina hira, ta daina dariya, abinci ma sai an matsa. Ran wani suna ta ɗaga kamara hannun ya ƙi, ta tsaya ana jiranta, jaririn a hannun kakarsa. Ta dawo gida ta tura jakar da kamarar ƙarƙashin gado, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Kwana tara tana nan. Ran na goma da hantsi aka yi sallama a zaure. Ta gane muryar, ta lallaɓo ta tsaya bayan asabari.

Kailu ya durƙusa gaban Malam, ya ajiye jaka launin fata, ba rini, da farin ƙyalle guda biyu.

"Malam, ba magana ta kawo ni ba, aiki ne na ɓata na gyara. Ta biyu na ɗaura bisa ƙyallen ga na yi noma da ita kwana bakwai, ta zuba kaɗan. Wagga ta ukku ce. Ga nata ƙyallen."

Malam ya ɗaga ƙyallen ya duba. Fari tas, sai shatin gumi. Ya sa Inna ta fito da baƙar jakar da kayanta, ya rataya a kafaɗarsa, ya taka daga zaure zuwa gindin bishiyar bedi ya dawo. Ya sauke ta a hankali, ya daɗe yana murza kafaɗa.

Sannan ya buɗe ƙaramar da Kailu ya kawo, ya mayar da kayan ciki. Kamara ta zauna daram, dogon ido a gefenta, batir a aljihunsa. Ya ga wani ɗan aljihun a ciki, ya sa yatsa ya zaro gwangwanin man zafi.

"Wanga hwa?"

"Na kahwaɗarta ne, Malam, kahin ta warke."

Malam Magagi ya juya gwangwanin a hannunsa. Bai dubi asabarin ba ya ce, "Najiba, na san kina nan. Shekara ukku ina gidan ga ban taɓa ɗaga jakarki ba." Ya dubi Kailu. "Ka turo magabatanka."

Da yamma ta rubuta masa: "Mai basilla, ka iya taurin kai."

"Wajen hajiyar hoto na koya."

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Malam ya dafa kanta ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari, aka shafa. Kwana bakwai da tarewa aka kira ta suna a Bankuku. Ta ɗaura jakar a kan farar shadda, Kailu ya tayar da moto, ta ɗaga hannun dama ta gyara ɗankwalinta da kanta, ta hau.